Kwamfutar da Ba Ta San Azumi Ba

Palladan, Zariya.

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ko kina cikin mota ko kin riga kin sauka. Allah ya tsare ki a hanya, ya ba direbanku ido da haƙuri, ya raba ku da ramukan titi da masu gaggawar banza. Ya sa ki shiga Legas da ƙafar dama, ya haɗa ki da maƙwabta masu mutunci da shugabanni masu tsoronsa. Amin.

Na san za ki yi dariya in kin ga ambulan a ƙasan jakarki, tsakanin kwalbar yaji da ƙullin daddawar da mamanki ta cusa miki. Za ki ce, Baba da muke gida ɗaya, me ya hana shi magana da baki? Kin san ni. In na fara magana sai na bi ta Kwangila, na zaga ta Shika, kafin in iso inda za ni kowa ya watse. A takarda kuwa ba mai katse ni, kuma ba sai na kalli idonki ba. Wannan na biyun shi ne ainihin dalilin.

Ranar Lahadi, bayan mun dawo daga sujada muna cin tuwo, kin faɗi abu biyu da suka sa loma ta tsaya mini a maƙogwaro. Kin ce kamfanin magungunan da ya ɗauke ki aiki yana da rassa a jihohi da yawa, yana so ya sayi furogiram ɗin kwamfuta da zai tattara bayanan dukan rassan, ya nuna wa manya abin da ke tafiya da abin da ke zaune a sito, kuma an sa ki cikin kwamitin da zai zaɓi ɗaya daga cikin guda uku. Kika ƙara da cewa ke kin ma riga kin san wanda za ki zaɓa, don kin ga hotunansa a ƙasidar da aka ba ki, ya haɗu. Sannan kin ce da suka tambaye ki a intabiyu me ya sa kika karanta kwamfuta, kin ba su labarin babanki, manajan da ya fara kawo kwamfuta gidan burodi a Sabon Gari ya kawo ƙarshen asara. Kina faɗa kina kallona, baki har kunne. Mamanki ta miƙo mini ruwa, ta kalle ni ta gefen ido, don ita ta san abin da ya shaƙe ni.

Hannatu, labarin nan da kike bayarwa rabi ne. Ni na ba ki shi a haka, na kuma bar ki da shi shekara da shekaru saboda ina jin daɗin yadda kike kallona. Yau zan ba ki ɗaya rabin. Ina tsoron abin da zai rage na girmana a idonki in kin gama karantawa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na fi tsoron ki shiga kwamitin nan da rabin labari a kanki.

Kin san Oga Emeka mai gidan burodin, wanda aka haifa a Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri. A lokacin muna gasawa a Sabon Gari, muna da shago a Samaru da wani a Shika, ga masu shayi birjik da motarmu ke kai wa kullum da safe. Ciwon kanmu kwantai ne. Yau mu gasa da yawa burodi ya dawo ya kwana, gobe mu rage masu shayi su tare mota suna mita. Sai Oga ya je bikin ɗan'uwansa a Legas, aka zaga da shi wata masana'anta, ya ga manaja yana danna maɓalli ɗaya allo yana nuna masa komai. Ya dawo idonsa ya rufe. Ya ce, "Bulus, mu ma sai mun yi irin wannan. Ka nemo mana." Na ce an gama, ranka ya daɗe. Ban tambaye shi irin wanne ba, shi ma da na tambaya bai sani ba.

Tun kafin a kunna kwamfuta na yi kuskurena na farko. Mun fita neman amsa ba mu rubuta tambaya ba. Da a ranar wani ya tsare ni ya ce, Manaja, me kake so na'urar nan ta gaya maka kowace safiya, da sai in yi ta inda-inda. Alhali tambayarmu ba ta wuce layi ɗaya ba: gobe wane irin burodi za a gasa, guda nawa, a kai wa wa. Don haka kafin kowane kamfani ya shigo ya buɗe jakarsa, ki sa kwamitinku ya zauna shi kaɗai da biro da takarda. Kowa ya faɗi shawarar da yake yankewa a mako, da abin da yakan rasa sani kafin ya yanke ta. In manya sun ce ba su da lokacin wannan, ki bi su ofis ɗaya bayan ɗaya da littafinki. Ke sabuwa ce, ba wanda zai ga laifinki don kin yi tambaya.

Mu ma mutum uku muka samu. Na Kano ya aiko ƙasida, da muka ce ya zo ya nuna sai ya ce motarsa ta lalace, shi ke nan muka manta da shi. Na biyu daga Legas ya zo. Sunansa ya ɓace mini, ma'aikata dai Mai Kwat suke ce masa, don a tsakiyar bazara ya iso da kwat har da falmaran. Ya zo da majigi, ya sa aka rufe tagogin ofis, ya haska bango. Hannatu, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Zane ja da kore da shuɗi, wani kamar an yanka kankana, wani kamar matakala. Ya danna, taswira ta fito. Ya sake dannawa, layi ya hau sama. Oga ya riƙe haɓa. Ni kuwa har na fara tafi, na ga ni kaɗai ne, na mai da hannu aljihu. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa duk abin da yake nunawa na wani kamfanin biskit ne. Biskit yakan yi watanni a kwali bai ce uffan ba, burodinmu kuwa kwana biyu ya fara fumfuna.

Ta uku Malama Bilkisu ce, wata mata da ke koyar da kwamfuta a wani ɗan shago kusa da kasuwar Samaru. Ta zo a kan acaɓa, ba majigi, ba ƙasida, sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Maimakon ta nuna mana abu, sai ta hau yi mana tambaya. Wa ke yanke yawan kwaɓi? Da ƙarfe nawa? In ɗaliban jami'a sun tafi hutu, me kuke yi da shagon Samaru? In an ɗauke wuta fa? Ta ce ba za ta iya faɗin abin da za ta haɗa mana ba sai ta bi motar rabo na mako biyu. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, mun kira mai magani, ta zo tana tambayarmu sunan ciwo. Tana fita na gaya wa Oga cewa wannan ba ta san aikinta ba.

Ki kula da wannan sosai. Wanda zai sayar miki da kaya ya gwada nuninsa sau ɗari kafin ya zo gabanki, da bayanan da ya wanke ya goge da hannunsa. Kada ki yarda da nunin da aka yi da kayan wani. Ki ɗebo bayanan reshe ɗaya na kamfaninku, na wata uku, yadda suke da dattinsu, ki ba kowane ɗayansu, ki ce ya amsa tambayoyinku da su a gabanku. Reshen da ya fi ba ku wahala za ki zaɓa, ba hedkwata ba. Hotunan nan na ƙasida da suka burge ki kuwa, ki ajiye su a ƙasan durowa har a gama gwajin. Kuma ki lura da wanda ya fi damun ku da tambaya, don ni irinta na kora, na ɗauki wanda ya sa ni tafi.

Yanzu na zo kan Malam Tanimu. Kina tuna shi, dogon direban nan na Zabi mai hula a karkace, wanda yakan rage miki hanya zuwa makaranta in mota ta biyo ta Palladan. Shekara goma sha tara yana rabon burodinmu. Ya san mai shayin da matarsa ta haihu, ya san wanda ya tafi ƙauye noma, ya san ranar da masu dubiya ke cika asibiti a Shika. Ranar da Mai Kwat ya yi nuninsa ba mu gayyace shi ba. Wa zai kira direba taron kwamfuta? Amma ya dawo daga rabo, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya kalli bango har aka gama. Da aka buɗe tagogi sai ya yi gyaran murya.

"Manaja, a yi mini afuwa, ina da tambaya."

Na ce, "Malam Tanimu, yi maza, baƙo yana sauri."

Ya nuna na'urar da leɓe ya ce, "Abin nan, ya san azumi?"

Ofis ya ɗauki dariya. Oga ya ce, "Tanimu, so kake mu kai ta masallaci?" Na fassara wa Mai Kwat, shi ma ya dara, ya ce na'urarsa ta san kowace rana a shekara. Malam Tanimu ya ce, "To, madalla," ya rataye makulli a ƙusa ya fita.

Ni da aka haifa a Zariya, na girma ina shan kunun buɗa-baki da ƙosai a gidajen maƙwabta, na san sarai azumi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yakan riga na bara zuwa da kwana goma ko sha ɗaya. Kakarki ma da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan. Amma bangon nan mai launi ya tafi da hankalina, kuma tambayar daga bakin ƙofa ta fito, ba daga kan kujera ba. 'Yata, ki tambayi shugabanki su wa za su yi aiki da abin da za ku saya. Mai kula da sito a reshe, direban da ke kai magani, matar da ke tsaye a kanti. In ba za a ba su kujera a kwamiti ba, ke ki je inda suke. Duk tambayar da kika ji an yi wa dariya a taro, ki rubuta ta, ki koma mata in kin kaɗaita.

Muka saya, aka kafa. Sai aka ce a zuba mata littattafan rabo na shekara biyu. A nan na gano muna da Musa mai shayi har guda biyar. A littafi Malam Tanimu yakan rubuta Musa kawai, don shi ya san wanda yake nufi: in tire uku ne Musan Kwangila ne, in ɗaya ne Musan bakin tasha ne. Wani mutum guda kuma an rubuta shi Sule, Sulaiman, Sulen Samaru, da Dogo. Kwamfuta ta dunƙule Musa biyar suka zama mutum ɗaya, ta raba Sule gida huɗu. Rahoton farko da ta fitar ya ce a duk Zariya ba mai sayen burodinmu kamar Musa. Oga ya ji daɗi, ya sayo agogon bango ya ce a kai masa kyauta, muka rasa wane Musa za a ba. Agogon yana nan a ofis har yau. Sai da na zauna da Malam Tanimu kwana uku bayan la'asar, yana raba mini Musa da Musa, bai ko nuna gajiya ba. Ke ma za ki tarar da naku Musan. Wani reshe zai rubuta magani da kwali, wani da kati, wani da ƙwaya, kuma duk sunansa ɗaya a takarda. Kafin ku sayi komai, ki tambaya wa zai zauna ya tsefe wannan, kuma wata nawa zai ɗauka.

Kada in ci zalin na'urar, ta yi mana amfani. Ita ta nuna mana cewa ranar Lahadi manyan burodi suna ƙarewa a Shika tun kafin azahar, ta nuna cewa lokacin jarrabawa shagon Samaru ƙanana yake so. Kwantai ya ragu ƙwarai. Kaina kuwa ya kumbura har hula ta daina shiga. Na tara ma'aikata na kafa doka, na ce daga yau ba mai kwaɓa ko cokali ɗaya na fulawa sai abin da takardar kwamfuta ta faɗa, an daina aikin ka, wato kintace da kai. Har wani dattijo mai gasa burodi na tsawata wa a gaban kowa don ya ƙara tire biyu. Lokacin ne kike zuwa ofis bayan an tashi daga makaranta, kina ajin ƙarshe a sakandare, ki zauna kusa da ni kina kallon firinta tana fitar da takarda. Labarin da kika sani a nan ya tsaya.

Yadda furogiram ɗin ke aiki, yakan duba ranar da ta yi daidai da yau a bara, ya ce a gasa kusan haka. Sai aka ga wata. Kin san yadda azumi ke juya mana ciniki. Yawancin masu shayi ba sa kafa tebur da safe, ƙananan burodin da suke ɗauka ba su da mai ci, manya ne ke tafiya da la'asar, magidanta suna saye don buɗa-baki da sahur. A wurin kwamfuta kuwa saura kwana goma sha ɗaya a fara azumi, don haka bara ta ce. Takarda ta fito, a gasa ƙanana kamar kullum. Malam Tanimu ya same ni ana loda mota.

"Manaja, yau fa an tashi da azumi. A rage ƙanana, a ƙara manya, ni zan sake fita da la'asar in kai."

Na ɗaga masa takardar na ce, "Ba ta ce haka ba."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "Ita ba ta sani ba. Kai fa?"

Na sani mana. Amma na riga na kafa doka a gaban mutane, na tsawata wa babban mutum a kanta, ta yaya zan lashe maganata a gaban direba? Na lallashi kaina da cewa Sabon Gari da Samaru cike suke da Kirista, za su cinye. Ba su cinye ba. Kwana huɗu mota tana fita a cike tana dawowa kusan a cike, da la'asar kuma magidanta suna zuwa neman manya babu. Burodi ya taru a sito har ya kusa taɓa rufi, muka riƙa neman masu kiwon kaji da aladu su kwashe. Kina tuna makon da muka ci burodi sau uku a rana, har mamanki ta tsoma shi a ƙwai ta soya ta ce sabon girki ta koyo a zumuntar mata? To, ga inda ya fito.

Rana ta uku na je gindin lemar masu waya na kira Mai Kwat. Sai a kira na shida ya ɗauka. Na yi masa bayani, ya ce wannan ƙaramin abu ne, in faɗa masa ranar da azumi ke farawa kowace shekara ya sa a ciki sau ɗaya a huta. Na ce ba shi da rana, wata ake dubawa. Daga baya ya ce zai iya zuwa nan da mako uku. Ki tambayi kowane kamfani, in abin ya tsaya ranar Litinin da safe a reshe mafi nisa, wa zai zo, daga ina, cikin kwana nawa. Ki nemi su haɗa ki da wanda ya shekara biyu yana aiki da kayansu, ki je ki gan shi ba tare da su ba. Kuma ko me kuka saya, ki bar wa mutanen reshe ƙofar da za su ce takarda ta yi kuskure ba tare da an hukunta su ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda na fi shekara shida ban faɗa wa kowa ba sai mamanki. Rana ta huɗu Oga ya shiga sito ya ga tarin burodi. In ransa ya ɓaci Hausa takan gudu, ya koma buroka, Turancin nan na kasuwa, ranar kuwa har masu wucewa a titi sun ji. Ya kira ni ofis, ya kira Malam Tanimu, ya ce a gaya masa laifin wa. Ni na kawo Mai Kwat, ni na kafa doka, ni aka gargaɗa sau biyu. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, lissafin kwamfuta daidai yake. Mota ce ke makara, kafin ta isa masu shayi sun tashi. Ka san azumi, jiki yakan mutu."

Malam Tanimu ya kalle ni kallo ɗaya, ya ciro makulli ya ajiye a kan tebur a hankali. Ya ce, "Oga, shekara goma sha tara ina azumi ina tuƙa motar nan, ban taɓa makara ba. Tunda yau na fara, gara a nemi mai ƙarfi. Allah ya ba da sa'a." Ya fita. Ni kuma na tsaya ina gyara takardu a kan tebur kamar akwai abin da nake nema.

Oga ya ce a koma aikin ka har a ga yadda za a yi, amma firinta ta ci gaba da fitar da takarda kullum. Da kwanakinta suka cika, ita ma ta shiga azumi, lissafinta ya zo daidai, har na fara ɗaga kafaɗa. Sai aka yi Salla. Masu shayi sun dawo teburinsu, gari ya koma cin safe, takarda kuwa tana nan tana cewa a rage ƙanana. Oga ya riƙe ta yana dubawa, ga sabon direba a tsaye wanda ba mai zarginsa da makara. Ya ce, "Bulus, kwamfutarka ramuwar azumi take yi ne?" Kowa ya yi dariya ban da ni da shi. Ya gane, na kuma gane ya gane. Bai tona ni ba, har na yi ritaya bai sake ta da maganar ba.

Ni da ƙafata na je Samaru na roƙi Malama Bilkisu. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Ta bi mota mako biyu kamar yadda ta nema tun farko, ta haɗa mana ɗan abu marar ado wanda ake gaya wa ganin wata, da hutun ɗalibai, da yajin aiki, da ranakun kasuwa. Shi ne ya kawo ƙarshen asarar da kike faɗa. Wata rana tana duba tsofaffin littattafan rabo ta ce, "Wanda ya rubuta waɗannan shi nake nema, rabin aikina yana kansa." Na ce ya koma noma. Oga ya aika a kira shi, ya ce a gode masa, gona ta riƙe shi.

Hannatu, duk abin da kuka zaɓa, ko ya kai me kyau, wata rana zai yi kuskure, kuma sa hannunki yana kan takardar zaɓen. Ranar za ki ji zuciyarki tana waige tana neman wanda ya fi ki rauni a ɗakin. Ina roƙon ki, ki riga kowa buɗe baki ki ce, ni na ba da shawarar, ga inda na kuskure, ga yadda za a gyara. Zai yi ɗaci na mako guda. Nawa ya fi shekara shida yana nan.

Maganarki ta ranar Lahadi ta hana ni sakat, shi ya sa ranar Talata da hantsi na hau acaɓa na tafi Zabi. Na tarar da Malam Tanimu a gindin mangwaro a ƙofar gidansa yana ɓare masara. Gemunsa ya yi fari, hular dai tana nan a karkace. Yana hango ni ya ce, "A'a, Manaja! Kwamfuta ce ta ce ka zo?" Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya tambaye ki, na ce jibi za ki tafi Legas aikin kwamfuta, ya sa miki albarka har sau uku. Na yi ta kewaye-kewaye irin nawa, daga ƙarshe na ce, "Malam, na yi maka ƙarya a gaban Oga. Ba ka taɓa makara ba. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da ɓare masararsa. Ya ce, "Bulus, tun azumin nan bai ƙare ba na yafe, ba na kai ƙulli Salla. Noma ma ya karɓe ni, ka ga rumbu. Abu ɗaya ne dai. Maganar ta riga ni isowa gida. 'Ya'yana sun ji a bakin masu shayi cewa an sallami babansu saboda makara. Na ce musu ba haka ba ne, suka ce to, Baba. Ka san irin to ɗin nan."

Na san shi. Na ce ya kira mini su. Biyu suna gida, babban da ke gyaran babur da ƙanwarsa da ta zo ganin gida da goyo. Na miƙe tsaye, na cire hula, na faɗa musu komai yadda na rubuta miki a nan, ban rage Musa ko ɗaya ba. Sun yi dariya a wurin agogo. Da na zo kan makulli, babban ya sunkuyar da kai, ita kuma ta juya tana kallon babanta, irin kallon da kika yi mini ranar Lahadi. A nan na gane abin da na yi. Duk shekarun nan da kike kallona haka, kallon da ya kamata su yi masa ne na karɓe.

To, kin ji ɗaya rabin. In aka sake tambayar ki me ya sa kika karanta kwamfuta, ban hana ki ambata ni ba, amma ki faɗi sunan Malam Tanimu da na Malama Bilkisu, ki faɗi abin da babanki ya yi a rana ta huɗu.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya ba ki kunnen saurare da bakin faɗin gaskiya tun tana da ɗumi. Ya albarkaci aikin hannunki, ya dawo mana da ke lafiya lokacin Kirsimeti. Mamanki tana gaishe ki, ta ce kada ki wanke kanki da ruwan sanyi in kin sauka.

Kina isa ki kira ni. In faɗa za ki yi mini, ki yi, zan riƙe wayar har ki gama.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Bulus.